Takalman Kyanwa

A ajinsu Dattijo suke ce masa. Ba wai ya tsufa ba ne, sai dai ya girmi kowa da shekara bakwai ko takwas, kuma shi kaɗai ne in ya laluba aljihu neman biro yakan zaro tsumman share majina. Yana shekarar ƙarshe a sashen koyon aikin gona. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, an tura ta kwas na wata shida a wani gari mai nisa, don haka 'yarsu mai shekara biyu da rabi ta zauna a hannunsa, a ɗaki guda cikin rukunin gidajen ɗalibai masu iyali.

Yarinyar kuwa Kyanwa ake kiranta, saboda duk inda ta sami lungu sai ta dunƙule a ciki ta yi barci. An taɓa tsintar ta a kwandon wanki, an taɓa zaro ta daga bayan kwalin littattafai. In barcin ya ɗauke ta, ko ganga aka buga a kanta ba ta motsi.

Abin da ya hana karatun Dattijo tsayawa shi ne ɗakin reno. Shekara uku ɗalibai masu 'ya'ya suka yi suna kai takarda ofishin kula da jin daɗin ɗalibai kafin a ba su wani tsohon aji a bayan ɗakin cin abinci, aka ɗauki wata dattijuwa ta riƙa kula da yaran, da wata mata mai taya ta da safe. Kowa Gwaggo yake ce wa dattijuwar, har malaman jami'ar.

A bakin ƙofar ɗakin akwai wani dogon katako mai gurbi-gurbi. Kowane yaro da gurbinsa, da hoton da aka manna masa don ya gane nasa: wannan jirgi, wancan tauraro. Na Kyanwa kifi ne. Da safe a cire wa yaro takalmi a sa a gurbinsa, in za a tafi da shi a ɗauka. Akwai littafin sa hannu da ofis ya kawo, amma biron da aka ɗaure masa ya ɓace tun zangon farko, kuma mai gudun kada a rufe masa ƙofar aji ba ya tsayawa neman biro.

"Ni ga littafina nan," Gwaggo takan ce, tana nuna katakon da haɓa. "Yaro ba ya zuwa ba takalmi, ba ya komawa ba takalmi. In na ga gurbi ashirin da uku fayau, na san na sallami kowa, sai in sa kwaɗo."

Dattijo ya sha jin wannan magana, ya sha yin dariya.

Ranar jarrabawar ƙarshe aka wayi gari an yi ruwa. Jarrabawarsa daga sha ɗaya ce zuwa biyu. Ɗakin reno kuma ranar da sha biyu da rabi za a tashi, domin tun mako guda aka manna sanarwa cewa mai feshi zai zo da ƙarfe ɗaya ya yi feshin kyankyasai da sauro kafin a rufe wurin don hutu. Dattijo ya riga ya shirya da maƙwabciyarsa, wata ɗalibar koyon shari'a mai 'yan biyu, wadda duk rukunin suke ce wa Lauya tun ba ta kai ga takardar shaidar ba. In ta je ɗaukar nata, za ta haɗa da Kyanwa.

A hanya Kyanwa ta ga kududdufi ta faɗa da ƙafa biyu. Ya ɗaga ta ya ɗora a wuya, sai ga takalman suna zana masa taɓo a farar riga. Ya tsaya ya cire su, ya naɗe a leda ya cusa a jaka, bakinsa yana ta bitar sunayen cututtukan shuka. Da suka isa suka tarar da Gwaggo a durƙushe, wani jariri ya yi mata amai a zani.

"Sauke ta nan, Baban Kyanwa, ka wuce. Allah ya ba da sa'a."

"Amin, Gwaggo. Lauya ce za ta ɗauke ta."

"Na ji. Je ka, kada su rufe maka ƙofa."

Kyanwa ta shige da gudu ko waiwaye babu. Shi ma bai waiwaya ba.

A zauren jarrabawa an tara jakunkuna a gaba, kowa ya kashe wayarsa. Tambayoyin suka zo masa da sauƙi. Da aka karɓi takardu ɗalibai suka fito suna ihu suna rungumar juna, wani ɗan ajinsu ya dafa kafaɗarsa.

"Dattijo, mu mun tafi barcin kwana uku. Kai kuma sai aiki na biyu, ko?"

"Ku bari ku haifa. Har gida zan zo in yi muku dariya."

Ya sa hannu a jaka neman waya, sai ya taɓo leda mai laima. Ya zaro. Jajayen takalma ne ƙanana, taɓon jikinsu ya fara bushewa. Da fari murmushi ya yi. Wato Lauya ta ɗauko yarinya ba takalmi, kuma mako guda za ta yi tana yi masa tsiya. Ya kunna wayar, saƙon Lauya ya shigo, an turo shi tun sha biyu da minti arba'in.

"Na je ɗaukar 'yan biyu, Gwaggo ta ce ka riga ka ɗauki Kyanwa. Ashe da wuri kuka gama? Ai da ka faɗa min, Dattijo, na sha rana ina nemanta."

Ya karanta sau biyu. A karo na uku haruffan suka daina tsayawa wuri guda. Ya dubi takalman a hannunsa na hagu, ya dubi wayar a hannunsa na dama. Ya kira ta.

"Lauya, Kyanwa tana wajenki?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ba kai ka ɗauke ta ba?"

"Yanzu na fito daga jarrabawa."

"To ai na duba ban gan ta cikin yara ba, na tambayi Gwaggo, ta leƙa katako ta ce ubanta ya zo. Ni ma na duba da idona, gurbin kifi ba komai."

"Takalman suna hannuna. Ban ajiye su ba da safe."

Can ya ji ƙarar wani abu ya faɗi a ɗakinta, kamar murfin tukunya.

"Ƙarfe nawa yanzu?" ta tambaya, muryarta ta sauya.

"Biyu da minti goma."

"Ga ni nan zuwa. Yi gudu."

Daga zauren zuwa ɗakin reno tafiyar minti goma sha biyar ce ga mai tafiya a hankali. Ya bi ta bayan ɗakin karatu, ya tsallake lambatu, ya ratsa filin ƙwallo wanda ruwa ya kwanta a ciki, taɓo yana kama masa ƙafa. Wani ya kira shi daga nesa, bai juya ba. Yana gudu yana yi wa kansa lissafi irin na mai neman mafita. Wataƙila wata uwar ta gan ta ta tafi da ita. Wataƙila mai feshin bai zo ba, ai irinsu ba sa cika alkawari, a ce ƙarfe ɗaya su zo washegari. Bai taɓa roƙon Allah ya sa wani ya saɓa alkawari ba sai ranar.

Tun kafin ya sha kwanar ɗakin cin abinci warin ya tare shi.

Ya san warin nan. A shekararsa ta biyu sun yi zango guda a kan magungunan kashe ƙwari, kuma har yanzu yana iya jin muryar malaminsu yana cewa abin da babba zai shaƙa ya yi tari ya wuce, shi ne zai kwantar da yaro, don jikin yaro ƙarami ne, kuma feshi ƙasa yake sauka, daidai inda yara suke. A lokacin ya rubuta ne kawai don ya ci jarrabawa. Yanzu kowace kalma ta dawo masa ba tare da ya nema ba.

Ƙofar tana kulle da babban kwaɗo. An rufe tagogi ruf. An manna takarda da jan rubutu cewa an yi feshi, kada kowa ya shiga sai bayan kwana biyu. Katakon takalma yana nan a gefe, gurbi ashirin da uku fayau.

Ya buga ƙofar da tafin hannu. "Kyanwa. Kyanwa, Baba ne."

Ya kara kunne a jikin ƙofar. Ba abin da ya ji sai bugun zuciyarsa. Ya zagaya wajen taga, ya kare fuska da hannu ya leƙa, amma an saki labule. Ya ƙwanƙwasa gilashin, ya kira ta da duk sunayen da yake kiranta da su a gida, har da na wasa waɗanda bai taɓa faɗa a gaban mutane ba. Shekara biyu da rabi yana lallashin yarinyar nan ta yi shiru. Yanzu da za a ce masa ya ba da duk abin da ya karanta a jami'ar don ya ji kukanta sau ɗaya, da ya bayar.

"Kai, lafiya kake dukan ƙofar mutane?"

Maigadin wajen ne, wani tsoho mai furfura a gemu, ya taso daga kan bencinsa riƙe da rediyo.

"Baba, makulli. 'Yata tana ciki."

"Ba kowa a ciki, ɗana. A gabana Gwaggo ta sallami yara, a gabana mai feshi ya shiga ya fito. Ka tambayi uwarta."

"Uwarta ba ta gari. Ina makullin?"

"Yana wurin mai feshi, shi zai mayar ofis. Ya ce daga nan ɗakunan kwanan ɗalibai zai wuce, can ƙarshen makaranta. Ka kwantar da hankalinka, Gwaggo ba ta taɓa rufe ɗan kowa ba. Ba ka ga katakonta ba?"

Dattijo ya ɗaga ledar ya buɗe masa. Tsohon ya dubi jajayen takalman, ya dubi gurbin da ke da hoton kifi, ya sake duban takalman. Shi ma ya sha jin Gwaggo tana maganar littafinta. Ya ajiye rediyon a ƙasa a hankali ba tare da ya kashe ba.

"Tun yaushe?"

"Tun safe suke jakata."

Maigadi ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da guntun rodi, wanda yake tokare ƙofar shiga da shi in iska ta taso. Ya zura a bayan ƙarfen da kwaɗon yake rataye, suka kama su biyu suka danna. Ƙarfen ya lanƙwasa bai fita ba. Suka sake. Hannun Dattijo ya zame, fatar yatsarsa ta yage, bai ji ba. A karo na uku ƙusoshin suka fito daga katako da ƙara.

Daidai nan Lauya ta iso tana haki, mayafinta a hannu, waya a kunne.

"Na bar 'yan biyu a maƙwabta. Gwaggo nake kira, tana shiga ba ta ɗauka."

Maigadi ya cire hularsa, ya jiƙa ta da ruwan butar da ke gefen benci, ya miƙa wa Dattijo. "Toshe hancinka da wannan. Ke kuma 'yata, tsaya nan waje. Mutum ɗaya ya isa."

Warin da ya fito da aka tura ƙofar sai da ya sa su duka suka ja da baya. Dattijo ya shiga. Idanunsa suka fara yaji nan take. Ya yaye labule, ya tura tagogi ɗaya bayan ɗaya, haske ya shigo.

Ɗakin wayam yake. Ba katifu, ba tabarmi, ba kwandunan kayan wasa. Daɓen yana sheƙi da laimar magani, kyankyasai sun yi rigingine a gindin bango, wasu ƙafafunsu suna ɗan motsi. Ya kawar da ido daga kansu da sauri. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin Gwaggo. Ya buɗe kabad, kwalaben ruwa ne kawai. Ya duba bayan ƙofa, bayan allo, cikin banɗaki, har cikin babban bokitin wanka. A ƙarshen ɗakin akwai wata 'yar ƙofa ta sito, ya murɗa ya ji ta a kulle, ya wuce, don yaro ba ya shiga ɗakin da ke kulle. Ya sake zagayawa, yana kira yana tari, ya sake duba wuraren da ya riga ya duba.

Ya fito ya jingina da bango, hawaye da majina suna zuba. "Ba ta ciki."

"To alhamdu lillahi," in ji maigadi. "Ka ga abin da na gaya maka."

Sauƙin bai kai numfashi biyu ba ya gushe. In ba ta ciki, tana ina? Idonsa ya sauka a kan babban lambatun da ya bi ta bayan ɗakin cin abinci, cike da ruwan safe, yana gudu ja-ja-ja. Can gaba kuma ga titin da motocin kawo kaya suke bi. Yarinya mai shekara biyu da rabi, ba takalmi, cikin hayaniyar iyaye suna ɗaukar 'ya'yansu, wa zai lura ta fita? Ya lura Lauya ma lambatun take kallo. Da suka haɗa ido ta yi saurin mayar da nata kan waya.

"Gwaggo ta ɗauka," ta ce, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji.

Ƙarar mota ce ta fara fitowa, da surutun fasinjoji, sannan muryar Gwaggo. "Maman 'Yan Biyu, lafiya? Ina cikin mota, wayar tana can ƙasan jaka."

Dattijo ya karɓe wayar. "Gwaggo, ni ne. Wa ya ɗauki Kyanwa?"

"Kai mana. Ko ba kai ba? Da na duba gurbinta ba takalmi."

"Gwaggo, takalman suna jakata tun safe. Ban sa su a gurbi ba."

Ana jin wani a motar yana gardamar canji. Dattijo ya matse wayar har yatsarsa da ta yage ta ɗiga jini a kan gilashin.

"Gwaggo, kina ji na? Mun fasa ƙofa, ba ta cikin ɗakin. Yaushe kika gan ta na ƙarshe?"

"Ta ci abinci da sha ɗaya da rabi," in ji ta a hankali, kamar mai taka ƙasa mai santsi. "Na wanke mata hannu. Daga nan na fara kwashe kaya, don ba na son maganin nan ya taɓa abin da yara suke kwanciya a kai ko suke sa wa a baki. Na ja katifu na kai sito, ita tana bi na tana riƙe min zani. Sai iyaye suka fara zuwa." Ta tsaya. "Baban Kyanwa, ka duba sito?"

"A kulle yake."

"Ni na kulle shi. Da hannuna na kulle, na toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen tsumma. Makullin yana sama, a kan dogarin ƙofar. Direba, tsaya. Ka tsaya in sauka, na ce."

Ya jefa wa Lauya wayar ya koma ciki, ya manta da hular maigadi. Sai yanzu ya ga tsumman, an cusa shi tsaf a ƙasan ƙofar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya miƙa hannu sama ya laluba, makullin ya faɗo. Ya ɗauka, ya zura a ramin ya murɗa.

Siton ƙarami ne, da zafi kamar an rufe tukunya. An jera katifu har kusan ƙirjinsa, ga kwandunan kayan wasa, ga kofuna a cikin roba an rufe da zani. Can sama kusa da rufi akwai 'yar taga da ke kallon waje, a buɗe, iska tana kaɗa yanar gizo a bakinta. Warin maganin bai kai na ɗakin ba, amma yanzu da ya buɗe ƙofa yana biyo shi.

"Kyanwa."

Ba amsa. Ya duba bayan kwanduna. Ya durƙusa. Tsakanin katifun da bango akwai ɗan sarari wanda bai fi tafin hannu biyu ba, a nan ya ga tafin ƙafa ɗaya, ƙarami, da busasshen taɓo a dunduniya.

Ƙafar ba ta motsi.

Dattijo ya tsaya a durƙushe. Tun daga zauren jarrabawa yake gudu, ya fasa ƙofa, ya shaƙi guba, amma wannan ɗan taƙin da ke tsakanin hannunsa da ƙafar ya gagare shi. Muddin bai taɓa ba, bai sani ba. Ya ji Lauya daga waje tana tambaya ko ya gan ta, muryarta kamar daga cikin rijiya. Ya ambaci sunan Allah, ya miƙa hannu ya kama.

Da ɗumi.

Ya ture katifun da kafaɗa, ya jawo ta. Jikinta ya saki, rigarta sharkaf da gumi, kanta ya langaɓe a kan hannunsa. Ya danna fuskarta a ƙirjinsa, ya riƙe numfashi, ya ratsa ɗakin da gudu ya fito. Bai tsaya a bakin ƙofa ba sai da ya kai gindin wata bishiya inda iska take kaɗawa, ya zauna a ƙasa da ita.

"Tana numfashi?" in ji Lauya. "Dattijo, tana numfashi?"

Ya ɗora kunne a ƙirjinta, nasa bugun ya hana shi jin nata. Ya tuna alamomin da aka koya musu, ya bi su ɗaya-ɗaya kamar mai amsa tambaya. Ya duba bakinta, yawu ba ya dalala. Ya ɗaga fatar idonta da babban yatsa yana tsoron ya ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura. Ba ta tsuke ba. Maigadi ya kawo buta, Lauya ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta shafa mata a fuska da wuya.

Yarinyar ta yamutsa fuska. Ta ja dogon numfashi, ta ture hannun Lauya, ta buɗe baki ta saki kuka mai ƙarfi, irin na wanda aka tasa daga barci mai daɗi ba da izininsa ba.

Maigadi ya juya baya yana gyara bakin butarsa, ya daɗe yana gyarawa. Lauya ta zauna daɓas a cikin taɓo.

"Yi kukanki," in ji Dattijo. "Ƙara, uwata. Ƙara."

A asibitin jami'a nas ta auna ta, ta saurari ƙirjinta, ta haska idonta, ta sa aka cire mata riga aka wanke mata jiki. Ta ce zafi ne ya galabaitar da ita da ƙishirwa, amma za su riƙe ta awa biyu su gani. Sannan ta dubi Dattijo, idanunsa jawur, yana tari ba ƙaƙƙautawa.

"Ita da sauƙi. Kai ne ka sha maganin. Cire rigar nan ka je ka wanke fuska da hannu, ka zo in ɗaure maka yatsa."

Ya je ya dawo da rigar aro, ya zauna a bakin gadon. Kyanwa ta shanye kofi biyu na ruwa, tana wasa da igiyar labule kamar ba abin da ya faru. Shi kuwa duk bayan ɗan lokaci sai ya kai hannu ya taɓa ƙafarta.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Gwaggo ta shigo. Daga inda ta sauka ba ta sami motar dawowa ba, da ƙafa ta yi rabin hanya, zaninta duk taɓo. Ba ta yi sallama da ƙarfi yadda ta saba ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yarinyar, leɓunanta suna motsi.

"Gwaggo," in ji Kyanwa, ta miƙa mata hannu.

Dattijuwar ta zo ta durƙusa a gaban gadon, ta shafa kan yarinyar, ta shafa kafaɗunta, ta kama 'yan yatsunta tana dubawa kamar za ta tarar wani ya ɓace.

"Na kulle 'yar mutane," ta ce, ba tare da ta dubi Dattijo ba. "Da hannuna. Ina jin daɗi wai na kare katifu."

"Tsumman da kika toshe ƙofar da shi ne ya tsare ta, Gwaggo. Da tagar da kika bari."

"Don kada katifu su yi warin rufi na bar ta. Ban san da mutum a ciki ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka kai ƙarata ofis in kana so. Ba zan musa ba."

"In na kai ƙararki sai in ce musu me? Ni na zo da ita ba takalmi. Sau nawa kika faɗa a gabana?"

"Katako na tambaya, Baban Kyanwa. An ce min ina yarinya, na juya na tambayi katako."

Lauya, wadda ke tsaye a jikin taga, ta ce, "Ni ma shi na tambaya, Gwaggo. Mu uku ne a ciki. In an dawo hutu za mu je ofis tare, mu faɗa musu yadda aka yi, su ba ki mai taya ki har lokacin tashi. Biro kuma ni zan sayo, in ɗaure shi da sarƙa."

"Ki sayo," in ji Gwaggo. "Amma ni daga yau sai na dafa kan kowane yaro na miƙa shi a hannun mai shi. Ina takalman?"

Dattijo ya zaro ledar daga jaka. Ta karɓa, ta kankare busasshen taɓon da farce, ta goge da mayafinta, ta sa wa yarinyar ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure maɗaurin.

Wayarsa ta yi ƙara. Biyar ta yi, lokacin da matarsa take fitowa daga aji ta kira su kullum. Ya dubi sunan a kan gilashin, ya bari ta yi ƙara sau uku kafin ya ɗauka.

"Ɗalibi, an gama?" in ji ta da fara'a. "Yaya jarrabawar? Ina Kyanwata?"

Ya jawo yarinyar ya ɗora a cinyarsa.

"Ga ta nan a jikina," ya ce. "Nemi wuri ki zauna, akwai abin da zan gaya miki. Amma fara jin muryarta tukuna."

Ya kara wa Kyanwa wayar a kunne. Tana ta ba uwarta labarin kududdufin da ta faɗa da safe, shi kuma ya riƙe ƙafarta da ɗaya hannun, da takalmin da komai, bai saki ba.